Akwati Uku Sun Koma Ɗaya a Gindin Ƙarfen Sabis na Garinmu

Bayan an gama girbin riɗi a bara, wata mota ɗauke da injiniyoyi huɗu ta tsaya a gindin ƙarfen sabis da ke bakin garinmu, tsakanin Gumel da Maigatari, suka kwana biyu suna aiki. Sun kwance akwatuna uku na ƙarfe waɗanda suka daɗe a cikin shingen, suka ɗaura wani guda ɗaya wanda bai kai ko ɗayansu girma ba, sannan suka hau sama suka sauke wasu eriyoyi suka maye gurbinsu da sababbi. Da yake a ƙauye babu abin da ke wucewa ba a tattauna shi ba, kafin la'asar magana ta rabu biyu. Wasu suka ce kamfanin ne zai tashi, shi ya sa yake kwashe kayansa, wasu kuma suka ce 5G ɗin nan da ake ta faɗa a rediyo ce ta iso. Mai gari ya aiko a kira ni, domin ya san na shafe shekaru ina gyaran irin waɗannan ƙarafa a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, daga Kano har Haɗeja, kafin na dawo gida na rungumi noma da gyaran sola. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba tashi za su yi ba, kuma 5G ba ta zo ba tukuna. Kaya ne uku da kowanne ke aikinsa dabam aka haɗe su wuri ɗaya." Ya ce, "To, Malam, mu me za mu samu a ciki?" Amsar da na ba shi a zaure ranar ko ni ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Domin a fahimci abin da aka haɗe, sai an koma baya an ga yadda aka faro a rarrabe. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985 bayan an haɗe sashen waya na ma'aikatar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje, shi ne ya daɗe yana riƙe da wayar tarho shi kaɗai a Najeriya, kuma har zuwa 2001 layukan da ke aiki a faɗin ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga mutane sama da miliyan ɗari. Mu mutanen karkarar Jigawa ba mu san wayar girke a gidajenmu ba. Wanda ke da ɗa a Kurmi wasiƙa yake ba direba, ko ya shiga Kano ya bi layi a ofishin waya, ko ya aika saƙon gaisuwa ta gidan rediyo. A Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, cikin watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa, sai Etisalat a 2008. Sabis bai iso garinmu ba sai bayan shekaru, kuma kafin a kafa mana namu ƙarfen akwai wata tsamiya a kan tudu da kowa ya san ita ake nufa idan ana son kira.

Tsohon tsarin kiran waya, na NITEL da na wayar salula ta farko, aiki yake yi irin na shatar mota. Idan mutum ya buga waya daga Gumel zuwa Legas, na'urorin da ke tsakani suna keɓe masa hanya tasa shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe, kuma hanyar tana nan a riƙe ko yana magana ko ya yi shiru yana neman alƙalami. Kowane kira yana cin gurbi mai faɗin kilobit 64 a daƙiƙa, kuma layin da muke kira E1, wanda shi ne ma'aunin da muka tashi muna lissafi da shi a wurin aiki, kira 30 kacal yake ɗauka a lokaci guda. Idan guraben sun cika, mutum na talatin da ɗaya sai ya haƙura, kuma wannan ne asalin wahalar da ake sha ranar salla, lokacin da kowa ke son gaida nasa a sa'a ɗaya. Tsarin yana da kyawunsa, domin wanda ya samu gurbi ya samu ke nan, muryarsa za ta isa garau ba tare da kowa ya tsoma masa baki ba. Illarsa ita ce almubazzaranci, kamar dai mutum ɗaya ya yi shatar bas mai cin mutum goma sha takwas ya zauna a gaba, sauran kujeru babu kowa.

Da intanet ta shigo wayar hannu, kamfanoni ba su rushe wancan tsari ba, gini suka riƙa ɗorawa a gefensa. An kafa 2G domin murya da gajeren saƙo. Da aka ba da lasisin 3G a 2007 sai aka kawo wani akwati da wasu eriyoyi, da 4G ta bazu daga wajen 2016 sai aka ƙaro na uku. A can cibiyoyin kamfani ma haka abin yake, na'urorin haɗa kira suna ɗakinsu, na'urorin data suna nasu, manhajar da ke cire kuɗin kati dabam take da wadda ke ƙirga data, kuma kowane ɓangare yana da injiniyoyinsa da kayan gyaransa da kwangilarsa da kamfanin da ya ƙera shi. Na sha zuwa gyara in tarar akwatin wani kamfanin Turai yana maƙwabtaka da na wani kamfanin Sin a shinge ɗaya, kowanne da na'urar sanyayawarsa, kowanne yana shan wuta, kuma idan matsala ta taso sai a yini ana jayayya a kan na wa ne ya jawo ta. Akwatuna ukun da mutanen garinmu suka ga an kwance, ragowar wannan tarihi ne.

Hanyar intanet kuwa ba ta san shata ba, lodi take yi irin na kasuwar Dawanau. Duk abin da za a aika, murya ne ko hoto ko saƙon banki, ana yanyanka shi ƙanana a ƙulla shi ƙunshi-ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshin inda ya fito da inda za shi, sannan a jefa shi a duk motar da ke da wuri. A kowace mararraba akwai na'ura mai aikin ɗan kamasho, tana duba adireshi tana cewa wannan ya bi nan, wancan ya bi can, kuma idan hanya ɗaya ta toshe sai ta karkatar da kaya ta wata. A wurin sauka ake sake jera ƙunshin bisa lambarsu, su koma murya ko hoto kamar yadda suka taso. Wannan ƙa'ida ita ake kira IP. Abin da ake nufi da sabunta tsarin kamfanin sadarwa zuwa haɗaɗɗen tsari na sabon zamani shi ne a kwashe komai, har da kiran waya na yau da kullum, a ɗora shi a kan wannan hanya ɗaya ta lodi, a yi ritayar tsofaffin na'urorin shata. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta fayyace ma'anar tsarin tun a 2004 da sunan NGN, kuma ginshiƙin bayaninta shi ne a raba hanyar da ke ɗaukar kaya da hidimar da ake sayar wa mutane, ta yadda za a iya ƙirƙiro sabuwar hidima ba tare da an sake haƙa rami ko an sake kafa ƙarfe ba.

Akwai wani sharaɗi a cikin wannan tsari wanda duk ɗan kasuwa zai gane shi nan take. Buhun gero yana iya kwana uku a tasha bai lalace ba, amma kwandon tumatir daga Kadawa idan ya yini a rana ya tashi daga aiki. Murya tumatir ce. Idan ƙunshinta ya makara ko da da ɗan ɓangaren daƙiƙa ne, magana za ta riƙa yankewa, mutum biyu su riƙa cin karo suna cewa "ina jin ka, kana ji na?" Saukar da fim ko sabunta manhaja kuwa gero ne, jinkirin minti ɗaya ba ya cutar da shi. Saboda haka haɗaɗɗen tsari na gaskiya dole ne ya yi wa kowane ƙunshi alama, ya ba murya da kiran gaggawa fifiko a kowace mararraba, kuma wannan ne ya bambanta kiran da kamfani ke ɗauka ta 4G, wanda ake kira VoLTE, da kiran WhatsApp, wanda ke shiga lodi tare da sauran kaya ba tare da kowa ya ɗaga masa ƙafa ba. A cibiyar kamfani akwai wani rukunin na'urori mai suna IMS wanda ya gaji aikin tsohuwar musayar waya: shi ke sanin waye ya kira wa, ina wanda ake nema yake, da nawa za a cire. A yau yawancin wannan aiki manhaja ce ke yin sa a kan manyan kwamfutoci na gama-gari, ba sai an sayi na'ura ta musamman ga kowane aiki ba.

Kamfanoni ba don son mu suke wannan ɗawainiya ba, kuma ban ga laifinsu a kan haka ba. Riƙon tsari uku ya fi riƙon ɗaya tsada ta kowace fuska, masu ƙera tsofaffin na'urori sun daina yin kayan gyaransu, kuɗin shiga kuma ya ƙaura daga kira ya koma data. Doka ma ta share hanya tun 2006, lokacin da NCC ta fito da lasisin bai-ɗaya wanda ya ba kamfani guda damar sayar da wayar hannu da wayar girke da intanet a ƙarƙashin takarda ɗaya. Sai dai aikin ba na shekara ɗaya ba ne, ko a ƙasashen da ke da kuɗi. Kamfanin BT na Ingila ya shelanta shirinsa na mayar da komai kan IP a 2004, amma ranar rufe tsohon layin tarho sai da aka ɗaga ta daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027, saboda an tarar da tsofaffi da marasa lafiya masu na'urorin neman agaji da ke rataye a kan tsohon layi. A nan gida, da aka sayar da kadarorin NITEL, masu sayen ba su tayar da tsofaffin musayar waya ba, sun fito a 2016 da sunan ntel a kan 4G zalla, a manyan birane.

To, abin da injiniyoyin nan suka ɗaura mana akwati ne guda wanda ke iya magana da 2G da 3G da 4G gaba ɗaya, kuma daga ofis ake raba masa aiki ta manhaja, a ce wannan kaso na iska a ba masu ƙananan wayoyi, wancan a ba masu data. An kuma sauke wani ɓangare na kayan daga ƙasa an mayar da shi can sama kusa da eriya, wanda hakan ke rage asarar ƙarfin sigina a cikin doguwar waya, ya kuma rage zafin da ke sa a kunna na'urar sanyayawa dare da rana. Adalci ne in faɗi cewa mun ga canji. Sabis ya kai wasu gonaki da rugage da a da bai kai ba, mai POS na bakin masallacin Juma'a ya daina ɗaga na'urarsa sama kamar mai roƙon ruwa, yaranmu masu shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, suna iya gwaji a waya ba sai sun je Gumel ba, kuma dillalan riɗi da zoɓo suna aika hoton kaya Dawanau a yi ciniki kafin mota ta tashi.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne abin da ke bayan ƙarfen. Duk wanda ya ɗaga kai zai ga wani farin faifai mai kama da ganga a maƙale a jikinsa, yana kallon yamma. Wannan faifan shi ne cibiyar garinmu, domin ta cikinsa duk kira da duk data ke tsallakawa ta iska zuwa wani ƙarfen, daga can zuwa wani, har a isa inda wayar fayiba take, wato zaren gilashin nan da ake binnewa a gefen titi wanda ke ɗaukar saƙo da haske. Ƙauyuka da dama suna jere a kan sarƙa ɗaya irin wannan, na ƙarshe yana jiran abin da na gabansa suka rage. Sabon akwati yana iya ba waya gudu mai yawa tsakaninta da ƙarfe, amma idan faifan bayansa ƙarami ne, kamar an haƙa babbar rijiya ne aka ba mutane guga ɗaya. Shi ya sa bayan isha'i, lokacin da samari suka taru a kan TikTok da Facebook, waya tana nuna 4G cike amma saƙon murya na minti ɗaya sai ya yi ta juyawa. Ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta ma yana raunana irin wannan faifai. Shirin gwamnatin tarayya na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Isa Ali Pantami yana minista, ya sa wa karkara burin gudun megabit 10 a daƙiƙa, kuma ba a kaiwa ga wannan da daddare a garinmu.

Maganin wannan fayiba ce, kuma abin da ke hana ta isowa kuɗin haƙa ne da kuɗin izini. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano na kamfanin Google da ya sauka a 2022, a gaɓar Legas suka fito, kuma daga can zuwa Maigatari tafiya ce ta sama da kilomita dubu. An daɗe da amincewa cewa jihohi su riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita ta ramin fayiba, gwamnoni suka sake jaddada hakan a 2020, jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya a shekarar. Amma ko da izini kyauta ne, kamfani yana lissafin mutum nawa ne a ƙarshen ramin kuma nawa suke kashewa a wata, kuma a wannan lissafi ƙauye mai gida ɗari uku ba ya taɓa yin nasara a kan unguwa ɗaya ta cikin Kano. Wannan giɓi aka kafa asusun USPF, na tallafa wa kai sadarwa karkara, domin cikewa a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. A ganina, duk titin da gwamnatin jiha za ta shimfiɗa daga yanzu ya kamata a binne bututun fayiba a gefensa tun ana aikin, domin haƙa ita ce mafi tsada, kuma katafilar masu gyaran titi ce kan gaba wajen tsinke wayar da aka riga aka binne.

Na ga ranar da wannan ya faru da idona. Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na raka kawuna sayar da bijimai biyu, aka yi ciniki aka sallama, mai saye ya ciro waya zai yi taransifa, sai sabis ya ɗauke. Kira bai shiga, lambar banki ba ta tafiya, na'urar masu POS ta tsaya, gajeren saƙo ma bai fita. Daga baya wani tsohon abokin aikina ya gaya mini cewa masu aikin kwalbati ne suka yanke fayiba a wani wuri mai nisa da mu. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da ka ce an gyara, yanzu ko gaisuwa ba a iya yi?" Ba ni da abin cewa, domin gaskiyarsa ce. Lokacin da hanyoyi suke a rarrabe, wani sa'in data takan mutu kira ya rayu. Yanzu da aka ɗora komai a kan hanya ɗaya, wanda ya yanke ta ya yanke duka, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki a kasuwanninmu ya rataya a wuyan sabis fiye da yadda kowa ya zata. Ƙasa baki ɗaya ta ɗanɗana irin wannan ranar 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Bijiman kawu sun kwana a hannun dillali, sai washegari kuɗin ya shigo.

Injiniyoyi sun san maganin wannan tun da daɗewa, wato a shimfiɗa fayiba kamar zobe, kowane gari ya kasance yana da mafita biyu, idan aka yanke ta gabas kaya su juya ta yamma cikin ƙiftawar ido. Tsarin IP ya ma fi tsohon tsari iya wannan juyi. Amma na'ura ba za ta karkatar da kaya zuwa hanyar da ba a gina ba. A birane akwai zobba, mu kuwa a ƙarshen reshe muke, kuma haɗe komai wuri ɗaya ba tare da hanya ta biyu ba ya ƙara mana sauri ya kuma ƙara mana haɗari a lokaci guda. Umarnin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da lalata su laifi ne, zai iya rage ɓarna, amma ba zai haƙa mana rami na biyu ba.

Sai maganar wuta, wadda zan taƙaita domin kowa ya san ta. Tsohuwar wayar girke daga ofishin waya take samun wutarta ta cikin wayar jan ƙarfe, shi ya sa take aiki ko an ɗauke lantarki. Sabon tsari kuwa kowace gaɓa tasa tana buƙatar wutarta, kuma ƙarfenmu bai taɓa ganin wutar gwamnati ba, da janareto da batura yake rayuwa, ga man dizal ya haura naira 1,000 lita a 2023. Mutane da yawa ba su san cewa yawancin ƙarafan ba mallakar kamfanonin layi ba ne yanzu, tun wajen 2014 MTN ya sayar da nasa ga IHS, Airtel kuma ga American Tower, suka koma 'yan haya. Saboda haka mai akwati dabam, mai janareto dabam, mai kawo mai dabam. Sabon akwati ya rage shan wuta har ta kai farantan sola suna iya ɗaukar kaso mai yawa na nauyin, kuma rana ba ta yi mana rowa a Jigawa, sai dai ƙurar hunturu tana rufe faranti cikin kwanaki kaɗan, ɓarayin batura kuma ba sa barci. Mai gadin ƙarfenmu dattijo ne, da tocila da sanda yake kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar da ke aljihun mutane. Gwaggona tana da ƙaramar waya mai madannai wadda aka ɗaure murfinta da kyauro, cajinta yana kwana huɗu, kuma da ita take jin muryar jikokinta da ke Abuja, da ita kuma ake danna mata lambar banki idan an turo mata kuɗin cefane. Wannan waya 2G kaɗai ta sani, haka wayoyin mafi yawan mata da dattawa da makiyaya a yankinmu, haka ma wasu na'urorin POS. Lambobin nan masu farawa da tauraro su ƙare da alamar tsani, waɗanda ake kira USSD, an gina su ne a kan tsohon tsarin siginar kira, kuma su ne bankin wanda ba shi da babbar waya. Ko masu manyan wayoyi ma da yawansu ba su bar tsohon tsari ba. Mai karatu ya lura da saman wayarsa idan kira ya shigo: in ya ga alamar 4G ta koma H ko E, to wayar ta sauka ne zuwa 3G ko 2G domin ta ɗauki kiran, saboda ita ko layin ba su da VoLTE. Ma'ana, haɗewar da ake magana ta kammala a cibiya amma ba ta kammala a hannun mutane ba.

Ƙarshen tafiyar da kamfanoni suka sa a gaba shi ne kashe tsofaffin tsare-tsare domin a ba 4G da 5G iskar da suke riƙe da ita. An yi haka a wasu ƙasashe, kamfanin Telstra na Ostareliya ya kashe 2G a ƙarshen 2016, AT&T na Amurka a farkon 2017. A ra'ayina, in za a kashe wani abu a Najeriya, 3G ya kamata a fara kashewa, domin duk abin da take yi 4G ta fi ta iyawa, a bar siririn layin 2G ga su gwaggo har sai ƙaramar waya mai madannai da ke jin 4G ta yi arahar da mai sayar da ƙuli-ƙuli za ta iya saya. Sabon akwatin yana ba da damar yin hakan ba tare da wata babbar asara ba, tunda rabon iska a manhaja ake yin sa. Ita kuwa 5G, wadda MTN da Mafab suka sayi lasisinta a Disambar 2021 a kan dala miliyan 273.6 kowanne, a kan zangon iska mai yawan megahaz take, wanda ke da gudu amma ba ya nisa kuma ba ya ratsa katangar ƙasa da kyau. Karkara ta fi buƙatar ƙananan zanguna irin na megahaz 700 zuwa 900, waɗanda ƙarfe ɗaya ke iya watsa su zuwa ƙauyuka da dama. Mu da ke kusa da iyaka muna da wani dalilin na daban, domin duk inda sabis ɗin gida ya yi rauni waya takan kama na Nijar, mutum ya ga katinsa ya ƙare bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, hujjar da aka bayar ita ce kamfanoni su samu abin zuba jari su inganta aiki. Mu ma muna biyan wannan ƙari daidai da mutumin Nasarawa ko Bompai a cikin Kano, don haka muna da haƙƙin tambayar ina namu kason. Sati biyu bayan zamanmu na farko a zaure na koma wurin mai gari na ce masa, "Ranka ya daɗe, idan suka dawo, ko idan ɗan majalisa ya zo, kada a tambaye su yaushe 5G za ta zo. A tambaye su yaushe fayiba za ta iso gindin ƙarfen nan, ta ina hanya ta biyu za ta bi idan aka yanke ta farko, awa nawa batura za su riƙe idan mai ya yanke, kuma wane tanadi aka yi wa masu ƙananan wayoyi." Ya sa magatakardansa ya rubuta su a takarda, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba na rigarsa. Da na fito daga zaure na bi ta gidan gwaggo, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗan nan, an ce wai za a daina amfani da irin wannan, gaskiya ne?" Na ce mata ta ci gaba da riƙon abarta tukuna, na canja mata kyauron da ya tsinke, na duba saman ƙarfen ta kan katanga, farin faifan yana nan yana kallon yamma.